Malam Shu'aibu da kasusuwan Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Shu'aibu ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune gaban na'urar da ya haɗa mini da hannunsa, ina jiran Litinin ta yi ya zo ya duba ta. Yayansa Umaru ne ya kira ni daga Kebbe, ya ce zazzaɓin kwana biyu ne kawai. 

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malamin kwamfuta a makarantar da nake koyarwa nan Tambuwal. Shekara tara muna zama ofis ɗaya. Duk malamin da wayarsa ta rikice, teburinsa yake nufa. Ko lokacin cin abincinsa ne sai ya ture kwano ya karɓa.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba. Lokacin da ƙanenta yake zaune Kumasi, a kaset take yi masa magana, a ba direba ya kai. Labarin damina, wanda ya haihu, wanda ya mutu, faɗa da dariya, duk suna ciki. Da Kawu ya dawo gida ya kawo mini kasusuwan nan, wato kaset-kaset ɗin, cike da kwali. Bayan rasuwarta ba mu da muryarta ko'ina sai nan.

Malam Shu'aibu ne ya zauna ya juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, wata biyu cur. Sannan ya ɗauko tsohuwar kwamfutar da na jefar bayan ƙofa, ya ce za ta zama saba, wato rumbun ajiye muryoyin, kowa a gida ya saurara ta wayarsa. Yarana kuwa akwatin Inna suke ce mata.

Nan muka fara gardama, kun dai san halina. Na ce Windows nake so, shi na iya. Ya ce, "Malam Bashar, wagga tsohuwa ba ta ɗaukar nauyi. A sa mata Linux ta yi numfashi." Na ce to wa zai karanta wannan baƙin allon mai rubutu kamar tururuwa? Ya yi dariya ya ce, "Ba ga ni ba?"

Ba ga ni ba. Yau wannan maganar ta hana ni sakat.

Ya sa faifan ajiya guda biyu, abin da ke cikin wannan shi ke cikin wancan, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Amma ya nace sai an sami na uku an aje a wani gida, ko wurin ƙanwata a Dogon Daji. Na ce kai Malam, biyu ba su isa ba? Sarki ne zai saurara? Har kwalin kasusuwan na tura masa da ƙafa, na ce ya zuba a shara, sun zama tarkace, ɓeraye kawai suke tara mini.

Ya ɗauki kwalin ya ɗaura shi bayan mashin.

Mako uku da suka wuce faifai ɗaya ya mutu, wata jar fitila ta kunna kanta. Ya ce a sauya shi da gaggawa. Na ce bari a gama jarrabawa.

Ranar Alhamis, ganina da shi na ƙarshe, ya biyo da la'asar zai wuce Kebbe ganin tsohuwarsa. Ya kara kunnensa jikin na'urar, ya daɗe yana saurare, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ka ji wanga ƙas-ƙas? Na biyun ma ya gaji. Kada ka kashe ta, kada ka bari batirin sola ya ƙare. In ta mutu ban da tabbacin ta tashi. Litinin ina zuwa da sabo."

Na ce Allah ya kai mu. Ko ruwa ban tuna na ba shi ba.

Zan faɗa muku abin da nake jin kunyarsa. Yau a maƙabarta, ana zuba masa ƙasa, ina kuka, amma rabin hankalina yana gida. Hadari ya rufe rana tun safe, ina ta tunanin batiri. Ban san kalmar sirrin na'urar ba, ban taɓa tambaya ba. Tsoro nake ji in rasa shi in rasa muryar Inna a rana ɗaya, kuma duk taurin kaina ne.

Da na je yin sallama, Yaya Umaru ya ce in dakata. Ya shiga ɗakin tsohuwarsu ya fito da kwali an naɗe shi da leda, an ɗaure da tsumma. Ya ce, "Naka ne. Shu'aibu ya ce in ka tambaya a ba ka, in ba ka tambaya ba a aje har ka yi hankali."

Kasusuwan Inna ne. Ko ɗaya bai zubar ba, kowanne ya rubuta masa lamba da biro.

A cinyata na riƙo su har Tambuwal, duk ramin da ɗan acaɓa ya faɗa sai na ƙanƙame kwalin. Ban sani ba ko har yanzu suna magana, rediyon kaset ma ba ni da shi. Na'urar na nan tana ƙas-ƙas, jar fitilar na kunne, kuma na kasa taɓa komai. Wanda ya iya Linux da gaske a kusa, don Allah ya yi mini magana, amma kada kowa ya ce in kashe in kunna.

Ya Allah, Shu'aibu ya adana mini abin da na wulaƙanta da kaina. Ka adana shi cikin rahamarka, ka haskaka kabarinsa, ka raya masa 'ya'yansa, ka ba tsohuwarsa da iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don girman Allah kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba. Ka haɗa da Inna.