Baba, Babur na Biyar Bai Dawo Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, ina gaban allo ina zana wa ɗalibai yadda man birki yake tura fistan, sai wayata ta yi ƙara. Inna ce, mai ɗakinka. Ta ce, "Malam, Babanku ya tafi." Na ajiye allin. Har yau zanen yana nan rabi, na hana a goge.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne bakaniken da ake kira Likitan Tsofaffi, mai gareji a ƙarshen layin masu walda. Ba ka gyaran sabon babur. Ni kuwa malami ne a makarantar koyon sana'a, shekara goma sha ɗaya ina kawo maka ɗalibaina kowace Alhamis. Ranar da na fara zuwa, da littafina a hammata, ka dube ni sama da ƙasa, ka tambaye ni ko littafin nan nawa yana yoyon mai. Yara suka bushe da dariya, ni ma na yi. Daga nan ka shimfiɗa mana tsohuwar tabarmar da kake baje notuna a kanta, ka sa kowa ya tsoma yatsa a mai ya shinshina. Ba ka taɓa karɓe sufana daga hannun mai koyo ba. Ko ya ɓata aikin, sai ka ce ya sake, kana gefe kana shan shayinka.

Abin da aka fi sanin ka da shi wata 'yar na'ura ce da ke maƙale a ƙafar gaba ta tsofaffin manyan babura, wadda kake kira hana-sunkuyo. Idan mahayi ya matsa birki, man birki yana bi ta wani siririn tiyo ya tura fistan, fistan ya matse hanyar man shokazoba, wato abin da ke shanye wa babur gargada, don kada gaban babur ya dulmiya. Dabara ce mai kyau a zamaninta. Amma da tsufa ya zo, tsatsa kan kama fistan, robobi su saki, birki ya yi laushi kamar soso. Wadda za ta gyaru, kakan wanke ta ka sauya mata roba. Wadda ta mutu, sai ka cire ta, ka rufe gurbin da marfin ƙarfe wanda ka haƙa wa 'yar magudana a ciki don mai ya riƙa wucewa. Sannan ka cire tiyon, ka toshe ramin da ke jikin gidan birki da gajeren noti da washar jan ƙarfe, wato ɗan zoben da ke hana mai yoyo. Kakan ce babur da ya tsufa a bar shi ya yi ruku'unsa, ai ya fi kusa da lahira. Kowane marfi ka yi, sai ka ja masa tsaga uku da magagari a gefe, alamar hannunka.

Baba, na san ba a ambaton kuskuren mamaci a ta'aziyya. Sau uku ina yaga takardar nan. Amma kai ka ɗora mini, Inna kuma ta ce in rubuta.

Bara, akwai makonnin da washar jan ƙarfe ta yanke a shagunan kayan gyara. Masu babura suna jira, da su suke neman abinci. Sai ka yanko washa daga wata baƙar roba mai kauri da ka daɗe kana aiki da ita a inji, ba ta taɓa ba ka kunya ba. Niyyarka in jan ƙarfe ya samu ka kira su ka sauya. Babura biyar ka yi wa haka. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da kai wata uku, ka tashi maganar ta shige maka. Robar nan tana jure man inji, amma man birki cin ta yake yi a hankali. Takan kumbura, ta yi laushi, rana ɗaya ta fashe, a matsa birki a ji wayam.

Wata biyu da suka wuce, muna garejin ranar Alhamis, mai rarraba burodi ya shigo yana tura babur ɗinsa, gwiwar wandonsa a yage. Birkin gaba ya ƙi a bakin mahaɗa, Allah Ya sa kwalbati ya faɗa ba ƙarƙashin mota ba. Ka kwance notin, ka ɗora abin da ya rage na washar a tafin hannunka, ya narke kamar ƙaro. Da wani ne, sai ya ce tsufan babur ne, ba mai musa masa. Kai kuwa ka kira ɗalibai suka kewaye ka, ka ɗaga tafin, ka ce, "Ku duba da kyau. Wannan aikina ne, ba na kowa ba. Saura huɗu."

Likita ya hana ka yawo cikin rana, amma ka cika aljihu da washar jan ƙarfe ka fita. Inna ta ɓoye maka takalma, ka fita da silifas ɗin wanka. Ka sami na mai gyaran famfo a ƙofar wani gida, ka sauya nan take a bakin titi. Na biyu mai shi ya kawo da kansa da ya ji labari. Na uku yana jingine a zaure, mai shi ya daina hawa, duk da haka sai da ka durƙusa ka sauya. Na ƙarshen na wani tela ne. Da muka je, ya ce ya sayar tun watanni shida, ga wani dogon mutum da ya zo wucewa. Bai san sunansa ba, bai san unguwarsu ba. Ya tuna dai mutumin ya ce yana so ne don kai 'ya'yansa makaranta.

Ka zauna a dakalin telan. Tun daga ranar abinci ya daina shiga. Inna ta ce ko ƙarar babur ka ji a waje sai ka miƙe ka leƙa taga.

Litinin, kwana biyu kafin rasuwarka, na same ka a ɗaki bayan la'asar, ka jingina da bango. Na fara ba ka haƙuri, ina cewa ka yi iyakar ƙoƙarinka. Ka katse ni. Ka ciro washa ɗaya daga ƙarƙashin matashi ka danƙa mini, ka ce, "Malam, kai ka iya rubutu. In ban same shi ba, ka faɗa wa duniya. Kada ka rufa mini asiri a kan wannan, akwai yara a bayan babur ɗin nan."

To ga shi ina faɗa. Jama'a, don girman Allah, duk wanda wannan rubutu ya iso gare shi ya taimaka. Tsohon babban babur ne mai jan tanki, an ɗinke kujerarsa da baƙar fata, ɗinkin tela mai kyau. A ƙasan ƙafar gaba ta hagu akwai marfin ƙarfe mai tsaga uku a gefe. In naka ne, kada ka sake hawansa ko nan da bakin titi. In na maƙwabcinka ne, ka tare shi yau, kada ka bari sai gobe. Birkin zai yi ta kamawa lafiya har ranar da zai ƙi, ba ya gargaɗi. A turo shi gareji a ƙarshen layin masu walda, ko a kai wa kowane bakanike a ce ya duba washar da ke ƙarƙashin gajeren notin gidan birki. Aikin bai kai minti goma ba. Ɗalibaina sun raba unguwanni a tsakaninsu, kullum da safe suna tsayawa a ƙofofin makarantu suna duban ƙafafun babura. Kwana tara ke nan, ba labari. Kowace safiya in na ji an ce an yi hatsari a wani wuri, sai in tambaya ko babur ne mai jan tanki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka mata uku, da jikoki, da maƙwabtanka masu walda da suka rufe shagunansu suka raka ka, da ɗaruruwan matasan da suka koyi riƙe sufana a tabarmarka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka duba tafiyar da ya yi cikin rana da silifas ɗin wanka, Ka karɓa masa. Ka tsare dogon mutumin nan da 'ya'yansa, Ka riƙe musu birkin nan har mu same su.

Baba, garejin a buɗe yake. Washarka tana aljihuna.