Ƙayar da ta huda jan takalmina

Assalamu alaikum. Kusan shekara guda ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko na daina karanta littattafai, ban daina ba. Ƙafata aka kusa yankewa.

Bayan girbin riɗi abin ya faro. Maigidana yana farautar zabi a duwatsun da ke bayan ƙauyenmu, kudu da birnin Damazin. Na dame shi da roƙo ya tafi da ni ko sau ɗaya. Ina hango mu a kan dutse, iska tana kaɗa mayafina, kamar yadda nake karantawa.

A kasuwa ya ajiye takalma biyu a gabana. Ɗaya mai tauri, tafinsa kamar katako. Ɗaya ja, mai laushi, ana iya naɗe shi a hannu.

Ya ce, "Mai taurin zai gajiyar da ke, kuma zabi na jin takunshi. Amma ƙaya ba ta huda shi. Shi za ki ɗauka."

Na ce, "Haba Malam, in sa wannan awa soja?"

Na ɗauki jan.

Ranar farautar, muna saukowa daga dutsen, farar ƙaya ta huda shi, ta shige tafin ƙafata. A gida Inna, surukata, ta tone ta da allura, ta ɗiga man riɗi mai zafi, yadda kowa yake yi a nan. Muka manta.

Bayan wata huɗu wani ƙullutu ya fito. Ba ya ciwo, don haka ban gaya wa kowa ba. Sai ya ɓule, yana fitar da ruwa da ƙwayoyi baƙaƙe ƙanana, kamar habbatus sauda.

Ranar da Inna ta gani, ƙwarya ta suɓuce mata. Ta ce, "Nabit! Ɗiyata, tun yaushe?"

Nabit sunan cutar ne a wajenmu. Ita ta cinye ƙafar yayan Inna har gwiwa.

A asibitin birni aka ɗauki hoton ƙafar, aka soka allura aka zuƙo ƙwayoyin, aka ɗebi jini. Likita ya ce, "In ta taɓa ƙashi, yankewa za mu yi. Ku dawo bayan kwana biyar."

Kwana biyar ina kallon yatsuna, ina motsa su ɗaya bayan ɗaya. In na buɗe littafi, sai na ga kowa a ciki da ƙafa biyu yake tafiya, in rufe.

Ba ta taɓa ƙashi ba. Saura kaɗan.

Wata shida ina shan ƙwayoyin magani, ana duba hantata kowane wata. Malam ya sayar da akuyoyinsa. Ko sau ɗaya bai ce, "Ai na gaya miki" ba. Sannan aka yi aiki, aka kwashe naman.

Alhamdulillah. Allah Ya saka wa Inna da Malam da ma'aikatan da suka yi ta wanke ciwon nan.

'Yan uwa, in ƙaya ta soke ku, sannan ƙullutu ya fito a wurin, ku tafi asibiti ko da ba ya ciwo. Rashin ciwon ne ya yaudare ni. In za ku hau dutse ko ku shiga gona, ku lanƙwasa takalmin a hannu kafin ku saya. In ya naɗe, ku ajiye shi.

Yanzu mai taurin nake sawa, har zuwa ɗiban ruwa. Matan unguwa suna ce mini soja.

Ina amsawa, da ƙafa biyu.