Komanda, Buroshin Baba Kailu

Baba Kailu wanzami ne ɗan wanzami. In ka tsaya tambaya zai lissafo maka kakanni har huɗu, kowanne da zabira a rataye. Amma duk zuriyarsu shi kaɗai ya taɓa shafa wa mutum kumfa a fuska da buroshi. Sauran ruwa ne da tafin hannu, a jiƙa, a murza, a ɗora aska. Ƴan'uwansa suna ce masa wanzamin nasara, shi kuma yana ce musu masu fiɗar akuya.

A Yamai ya koyo abin. Wata shekarar fari ya bar gonar gero ya tafi, ya yi shekara shida yana aski a shagon wani ɗan Togo. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo Filinge da akwatin ƙarfe, da madubi mai tsaga a gefe, da buroshi uku. Ya kafa benci a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha, ya zauna nan shekara talatin da ɗoriya. A nan ya yi aure, a nan ya aurar da ƴaƴa mata huɗu, a nan aka zo aka gaya masa matarsa Haske ta cika. An ce sai da ya gama gefen fuskar da ya fara kafin ya tashi.

Burosan nan kowanne da sunansa. Akwai Ɗan Lome, farin nailan mai laushi, na baƙi da matafiya. Akwai Gurgu, wanda rabin gashinsa ya zube, shi ake sa wa kai. Sai Komanda. Ƙotarsa baƙin itace ce da zoben tagulla, gashinsa ruwan ƙasa-ƙasa, tauri a gindi, taushi a baki. Baba ya ce ya sa masa sunan ne don ba gemun da ke ganinsa bai ƙame ba.

Ba a ɗaukar Komanda haka nan. Sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi cikin gwangwanin tumatir, Baba yana wasa aska a fata har ya ƙirga arba'in. Sannan ya yarfe shi sau biyu, ya juya shi a kwanon sabulu har kumfa ta tsaya kamar kindirmo. In an gama a ɗauraye, a rataye shi kai ƙasa a ƙusar da ke jikin bedi. Ban taɓa ganin ya ajiye shi a kwance ba.

Masu Komanda na gaske su uku ne, kuma safiyar Juma'a tasu ce. Akwai Mushe Ibrah, haka muke kiran malaman boko, tsohon diraktan lakwal, wato shugaban makaranta, wanda ke aske fuska tas ya bar gashin baki. Akwai Yakubu, tsohon jandarma. Akwai Alhaji Tahiru dillalin shanu, da ba ya fashin kasuwar Baleyara, shi kumatu da wuya kawai ake gyara masa, gemu na nan. Ba don kuɗin aski suke da muhimmanci ba. Su ne mutanen da in an gan su a bencinka, sauran gari sun san hannunka mai tsabta ne. Bayansu mutum goma sha biyar kan jeru kafin a kira salla.

Gardamarsu ɗaya ce kullum. Alhaji ya ce ya ga buroshi a Makka da ya fi wannan. Yakubu ya ce, "To mi ya hana ka sawo shi? Ko nauyi ya yi ma jirgi?" Mushe Ibrah ya lumshe ido cikin kumfa ya ce a bar shi ya ji daɗin duniya, fansho bai zo ba, wannan kaɗai ya rage mai.

Ni Zaidu nake. A sankiyem, aji biyu na sakandare, na bar lakwal, ko lakwal ta bar ni, har yau ba a tantance ba. Na yi kabu-kabu, na yi tallan caja, na je Abala na dawo. Gemuna a lokacin bai wuce gashi goma sha ɗaya ba, amma kowace Juma'a ina can, don tsokanar tsofaffi ba ta buƙatar jari.

Ranar da abin ya faru, Baba yana kan Alhaji Tahiru, ya gama shafa masa kumfa ya miƙo mini Komanda.

"Riƙe min, ɗan nema. Kada ka aje shi ƙasa."

Na juya ƙotar. A gindinta akwai rubutu ƙanana da sabulun shekaru ya cike. Na kankare da farce, na ɗauki hoto da waya na faɗaɗa. Ina so ne kawai in nuna wa Mushe Ibrah cewa Faransancina bai mutu duka ba.

"Mushe, saurara ka ji ɗalibinka," na ce. Na karanta da ƙarfi, har da gyara murya. "Pure soie de porc."

"Mi ke nan?" in ji Alhaji, ido a rufe.

"Porc dai, Alhaji. Alade. Shekara talatin alade na sumbatar ka ranar Juma'a, kai ko godiya ba ka yi."

Na yi dariya. Na jira tasu.

Alhaji ya buɗe ido. Ya dubi Mushe Ibrah, Mushe ya dubi takalminsa. Alhaji ya tashi da kumfa a wuya, ya ɗauki butar Baba, ya koma gefe yana wanke fuska. Ya wanke, ya wanke, har ruwan ya ƙare, ya aika aka sawo na leda. Mutanen benci suka fara tuna suna da uzuri. Yakubu ne na ƙarshe, ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya ce bari ya je ya yi wanka kafin lokaci ya ƙure.

Baba ya karɓi Komanda daga hannuna. Bai zage ni ba. Ya ɗauraye shi kamar kullum, ya rataye shi kai ƙasa, ya zauna.

"Haka anka rubuta?"

"Haka, Baba."

"To."

Kafin la'asar labari ya kai har bayan kasuwar dabbobi. Da ya kewayo ya dawo kunnena, cewa ake da kitsen alade yake haɗa sabulun. Juma'ar da ta biyo mutum biyu suka zo, matafiya ne da motarsu ta lalace. Sauran suna shagon Bashir, mai injin aski na tandez da faifan sola, ana yi musu aski cikin minti biyar suna fitowa suna susa.

Baba bai damu da cinikin ba kamar yadda ya damu da sallar mutane. Ya ce mini shekara talatin yana tura bayin Allah masallaci da najasa a fuska, wa zai ɗauki wannan? Ya naɗe Komanda a tsumma, ya ce in raka shi wurin Malam Hafizu, limamin unguwarmu, tunda ni na iya karatun. Na bi shi.

Malam Hafizu ya saurara har ƙarshe. Ya sa aka buɗe tsumman, ya duba bai taɓa ba. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da littafi mai bangon fata, ya bi layi da yatsa.

"Kailu, kwantar da hankalinka. A mazhabarmu ta Malikiyya, gashin da anka yanke ba najasa ba ne, ko da na alade ne. Abin da anka tsige da saiwa shi ad da magana."

"To wannan yanke shi anka yi ko tsigewa?" in ji Baba.

"Ina wurin? Kai kana wurin? Abin da ba ka sani ba, ba a kama ka da shi. Kuma kowa wanka shi kai bayan aski. Sallar mutane na nan lafiya lau."

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya roƙi Malam ya faɗi haka a masallaci, Malam ya yi alkawari, kuma ya cika. Bayan sallar asuba ya faɗa, na ji da kunnena, don ranar har ni na je. Mutane suka ce madalla, Allah ya ƙara sani.

Da hantsi Malam ya biyo ta tasha. Baba ya tashi da sauri ya kakkaɓe benci.

"Allah gafarta Malam, zauna in gyara maka wuya. In sunka gan ka, shi ke nan."

Malam ya dubi ƙusar da ke jikin bedi. Ya shafa wuyansa. Ya ce mura yake ji, ruwan ɗumi ma ba ya so ya taɓa shi, sai wani jiƙon. Bai yi ƙarya a karatu ba, wannan na sani. Fatarsa ce kawai ba ta yi karatun ba.

Na ce wa Baba ya jefar da Komanda a gaban kowa, ya riƙa aiki da Ɗan Lome. Har na je Baleyara na sawo masa sabon buroshi na nailan, a cikin ledarsa, don a ga ba a taɓa amfani da shi ba. Ya gwada a bayan hannunsa ya ce wannan na shafa wa takalmi baƙi ne, amma ya karɓa. Sai dai mutane suka ce ai kwanon sabulun ɗaya ne. Ya canza kwano, suka ce aska. Ita askar ta kakansa ce, ba ta canzuwa. Ya sake rataye Komanda a ƙusarsa, ya ce tunda Malam ya wanke shi, ɓoye shi amsa laifi ne.

Haka damina ta shigo. Yana fitowa da safe, ya jiƙa buroshi, ya wasa aska har arba'in, ruwan ya huce, ya zubar. Ni nakan zauna ya aske mini gashina goma sha ɗaya da Komanda, ina ta surutu da ƙarfi don a gan ni. Ba wanda ya taɓa bin sawuna zuwa ko'ina, balle wurin aski.

Wata Laraba ina zauren gidansa sai ga Mushe Ibrah, fuska duk ƙuraje saboda tandez. Ya gaisa, ya zauna, ya yi ta juya hula a gwiwa.

"Kailu, ka yi min a nan. Da shi."

"Da wa?"

"Ka sani."

Mushe ya juyo gare ni.

"Kai kuma, ka zaci kai ka fara karanta shi? Tun ba a haife ka ba na ga rubutun nan. Na karanta na rufe bakina, don na san garinmu. Abin da ba mu kai ga koya maka ba ke nan kafin ka gudu."



Baba ya ce, "Mushe, ba ni aski a ɓoye. Ban saci komi ba. Jibi Juma'a, ina gindin bedi. Ka zo ka zauna inda ka saba, mutane na gani, in yi maka har ka yi barci."

"Ka san surukina na cikin kwamitin masallaci."

"Na sani. Jibi."

Mushe ya ce in Allah ya so.

Ranar Juma'a Baba ya riga masu shayi fitowa. Ya sa sabuwar riga, ya wanke tawul, ya goge madubi. Ya jiƙa Komanda. Wajen ƙarfe tara muka hango Mushe Ibrah ya fito daga layin kantin magani. Ya tsaya a bakin titi, wata motar gero ta wuce, ta biyu ta wuce. Alhaji Tahiru na zaune a ƙofar shagon Bashir, ya ɗaga masa hannu. Mushe ya ɗago mana hannu mu ma, daga nesa, sannan ya tsallaka can.

Baba ya jira har aka yi kiran farko. Sannan ya zubar da ruwan, ya zare ƙusar daga jikin bedi da bayan aska, ya sa komai a akwati. Ya ce in kama masa benci. Muka ɗauka, shi gaba ni baya, muka bi ta cikin masu tafiya masallaci suna buɗa mana hanya, kowa na ce masa sannu Baba, ina gajiya.

Yanzu yana Damana, gidan ƴarsa Ruƙayyatu. Ya koma sana'ar gado, askin jarirai ranar suna, da ruwa da tafin hannu, ana ba shi gero da ƙafar rago. Na je ganinsa bayan girbi. Ya tambaye ni farashin mota, ya tambayi wanda ya rasu da wanda ya yi aure. Na ce masa mai gyaran waya ne a gindin bedin yanzu. Ya ce inuwa ce mai kyau, sai dai tsuntsaye.