Ranar da Muka Je Daura Neman Kamfanin Riɗi

Damina biyu bayan wahalar canjin kuɗi, a kakar da ta biyo bayan sake buɗe boda, aka ce wani kamfani yana neman inda zai kafa injin gyaran riɗi a ƙasar Daura da kewayenta. Ya kira garuruwa kowa ya je ya faɗi abin da zai sa a zaɓe shi. Ni ba kamfani ne ya dame ni ba, autana nake so. Shekararsa tara a Legas yana dakon kaya, duk sanda na ce ya dawo gida sai ya ce, "Inna, in dawo in yi me?" Da na ji zancen injin nan na ce to ga abin yi ya samu. Na je wurin dagaci na ce a sa ni cikin masu tafiya. Ya ce ba a shirya da mata ba. Na ce ni na yanke masa cibiya, sai a shirya.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke gaban Babban Mutum, mu bakwai a a-kori-kura, ni a gaba kusa da direba. Dattawa sun riga sun yanke shawara kowa ya sa tsohuwar riga, kada baƙi su ga kamar muna da hali su kai alherin wani wuri. Haka muke yi in ɗan siyasa zai zo, kuma da haka muka samu famfo da aji biyu. Ni dai na ɗaura atamfata ta zuwa Makka, na sa 'yan kunnena. Ban taɓa shiga birni da tsumma ba, ba kuma a kan tsufa zan fara ba.

Kafin mu hau kwalta sai da rairayi ya riƙe motar sau biyu, maza suka sauka suka tura. Gari na wayewa na ga gonaki dama da hagu, an yanke riɗi an jingine dammuna a tsaye suna shan rana, kamar mutane sun haɗa kai suna shawara. Motar na jijjiga ni, gyangyaɗi na ɗauka ta. Sai in ga dogon gini fari a filin da ke bayan gidanmu, mata na shiga da faifai, ƙamshin riɗi ya cika gari, ga autana da maɓallai a ƙugu yana buɗe ƙofa. Sai mu faɗa rami in farka.

A Zango muka karya kumallo. Wainar tana da daɗi, amma ta ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an sa masa wani abu. Mai nonon kuwa ta ga atamfata ta ƙara mini kuɗi, ta ga rigunan abokan tafiyata ta yi musu ragi. Dagaci ya ce, "Kin gani ko, Iya?"

Mun shiga Daura da hantsi. Rabona da ita tun rasuwar maigidana, kuma ban gane ta ba. Tituna sun yi faɗi, gine-gine sun fito har inda na san gonakin gero ne, wayoyin wuta sun yi saƙa a sama. A wani babban zaure aka tara mu. Mutanen kamfanin su uku ne, babbansu wani siriri mai furfura, Hausarsa ta Kano.

Mutanen Kwangwalam suka fara. Manyan riguna, turare har inda nake. Suka ce suna da kwalta har bakin boda, tireloli na kwana a garinsu, riɗin Nijar ta ƙofarsu yake shigowa, fili kuma kyauta. Mutanen Mashi suka ajiye buhu uku a gaban teburi, suka ce su ma fili kyauta, ga turakun wuta sun ratsa ta gefensa, kuma ba mai zuwa karɓar ko sisi na haraji sai injin ya kafu.

Sai malamin makarantarmu ya miƙe da takarda. Ya karanta da murya mai ban tausayi cewa ba mu da hanya, ba mu da wuta, famfonmu ya lalace, samarinmu duk sun tafi kudu. Dattawanmu na gyaɗa kai, don ya iya karatun. Mai furfurar ya ajiye biro ya ce, "To Malam, in samarinku duk sun tafi, wa zai yi mana aikin?"

Nan na gane mun yi shigar zuwa karɓar sadaka, alhali ciniki aka zo yi. Mutumin nan ba ya neman wanda zai taimaka wa, wanda zai taimake shi yake nema.

Ban nemi izini ba. Na kwance riɗin da na ƙulle a gefen mayafi don taunawa a hanya, na zuba masa a kan takardunsa. Na ce, "Ɗan nan, nemo mini tsakuwa ɗaya a ciki." Ya baza da yatsa, ya duba, ya kai baki. Na ce haka kowace mace a garinmu take gyara shi, samarin kuma ba mutuwa suka yi ba, aiki suke jira.

Ya ce, "Iya, gaskiya zan faɗa miki. Inji wuta yake ci, tirela kwalta take bi. Ba zan kai shi garinku ba. Amma in irin wannan kuke da shi, zan ajiye sikeli a can duk kaka. Sai dai ina son ɗan gari wanda ya san buhu, ya san awo, kuma ba ya tsoron direbobi."

Na ce ni na haife shi.

A hanyar dawowa malamin ya yi ta cewa ai takardar ba laifinsa ba ce, abin da aka ce ya rubuta ya rubuta. Na sake gyangyaɗi, amma farin ginin bai zo ba. Rumfa kawai na gani ta kara, da sikeli a ƙarƙashinta. Na duba ta da kyau na ga ta ishe ni. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, mun daɗe muna lissafa abin da muka rasa har mun manta yadda ake faɗin abin da muke da shi.

Mun iso gida la'asar sakaliya. Ko mayafi ban cire ba na sa aka kira mini autana a waya, na faɗa masa komai, har rumfar da ba a kafa ba. Ina jin hayaniyar motocin Legas a bayansa. Can ya ce, "Inna, ɗakina yana nan?"

Na ce yana nan. Awakina ne a ciki shekara shida, amma washegari na kore su, na sa aka yaɓe bangon.

Cikin sa'o'ina da suka ci tuwon sunansa, saura ni, da ƙawata Ta-Sallah da idonta ya tafi, da liman da yanzu a zaune yake ba da salla. Autana ya ce yana tafe kafin a kaɗe riɗin ƙarshe. Mu ukun mun yi alkawari zai same mu da rai.