Wakiliyar Masu Zoɓo

Duk wanda ya ji an ce a Nassarawa GRA nake zaune sai ya gyara tsayuwa ya sake gaishe ni. Ban cika gyara wa mutane ba, don ba ƙarya aka yi ba, a can nake. Abin da ba na faɗa shi ne ɗakinmu yana can ƙarshen gida, bayan ɗakin janareta, kuma ba namu ba ne. Maigidana direban Alhaji ne mai gidan, ɗakin kuwa na duk wanda yake riƙe da makullin mota ne. Ranar da ya ajiye makullin nan, ranar za mu naɗe tabarmarmu.

Ni a Gawuna na tashi, inda in maƙwabciya ta yi atishawa sai ka amsa mata daga ɗakinka. Da aka kawo ni nan sai na ji kamar an toshe mini kunne. Katanga ta fi mutum biyu tsawo, babu wadda za ta leƙo ta ce a sam mata gishiri, babu yaron da zai shigo da gudu a kore shi. Mota ce kawai ake buɗe wa get ta shige, a mayar a rufe. Maigidana ya fita da sassafe sai bayan isha, Allah kuma bai ba mu haihuwa ba tukuna. Har na fara yi wa kajin mai lambu magana kafin na gane abin ya yi yawa.

Zoɓo ne ya fitar da ni. Akwai wata firamaren gwamnati ta wajen Kaura Goje, inda mata ke kai abin sayarwa lokacin tara, wato hutun da yara suke fitowa cin abinci. Na roƙi maigidana ya bar ni, ya bari. Hajiya, matar Alhaji, ta ce in yi amfani da tsohuwar firizar da ke barandar baya. Gorunan roba kuwa, in ana maganar arzikin unguwar nan, to shi ne kasona. Mutanen GRA ba sa shan ruwa sau biyu a gora ɗaya. Kukun gidan yana tara mini, masu gadin layinmu suna tara mini, har wani mai gadin otal yakan aiko da buhu guda. In wanke da ruwan zafi da sabulu, in kife su su bushe, in ɗura zoɓon da ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba. Wuta ba ta cika yi mana rowa ba, saboda haka nawa kullum da ƙanƙara, yara suna ture juna a kan kulata.

Ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba ita na fi so ba. Abin da nake so shi ne hayaniya. Ina son in zauna a inuwar darbejiya tare da Iya mai awara, wata tsohuwa mai bakin da ba ya ajiye magana, ana gulma ana dariya ana faɗa a kan wurin zama. Ina son yarinya ta riƙe mini gefen hijabi ta ce in zaɓo mata wanda ya fi daskarewa. In na dawo gida da azahar kunnena cike yake, ya ishe ni har gobe.

Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa wa kowa ba. Hajiya ba muguwa ba ce, Allah ya sani, tana da kyauta tana da tausayi. Sai dai ba ta iya ganin hannu a zaune. Kuku ya ba ni labarin matar direban da muka gada: da tsintar shinkafa aka fara, aka koma guga, aka koma wankin banɗaki, har ta kai ba ta zuwa suna sai ta nemi izini sau biyu, na miji da na uwar gida. Kuma ba ta da bakin cewa a'a, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Uzuri ɗaya ne Hajiya take girmamawa, shi ne makaranta, saboda a harkar ilimi ta yi aiki har ta yi ritaya. In ta aiko nemana, Baba mai gadi sai ya ce, “Ta tafi makaranta,” da wata murya kamar ni ce nake koyar da lissafi. Maganar ta mutu a nan.

Wata ranar Litinin shugabar makarantar ta tara mu a gindin darbejiyar. Ta ce an sami yara da ciwon ciki a wasu makarantu, saboda haka umarni ya zo daga sama. Abinci sai a rufe, mai sayarwa sai an duba lafiyarta, sai ta sa farar riga a kan kayanta. Wannan duk muka gyaɗa kai. Sannan ta ce abin sha kuma ba a yarda da na gorar da aka taɓa amfani da ita ba, ba a yarda da ƙullin leda ba, sai wanda ya fito daga kamfani a rufe.

Na ce, “Malama, ni da ruwan zafi nake wanke nawa.”

Ta ce, “Na sani, ni ma ina sha. Amma ba zan bi kowa gida in ga da me take wankewa ba.”

Haushin da na ji shi ne gaskiya ta faɗa. Na san wadda take ɗauraye gorunanta a bokiti ɗaya tun safe, mun sha yi mata magana tana cewa cuta ba ta kama ɗan talaka. Masu awara da ɗanwake da gurasa suka sayi faranti mai murfi suka ci gaba. Mu masu zoɓo da kunun aya da lamurje muka tsaya muna kallon juna. Lemon kamfani akwai mai shago a bakin get da yake sarowa katan-katan, kuma kuɗin tarar yaran nan bai kai can ba. Na yi tunanin komawa ɗanwake, sai na ga masu yinsa sun riga sun yi wa wurin yawa, in na shiga abincin wata zan rage.

Ban daina zuwa ba. Kullum in ɗauki kulata in fita a kan lokacina, in je in zauna kusa da Iya ina barbaɗa mata yaji a kan awara. Maigidana ya sani, abin da ya ce kawai, “Ki dai yi a hankali.” Ashe ɗaukar kula babu komai a ciki aiki ne, sai ka riƙa karkacewa kana nishin ƙarya. Ranar da Baba mai gadi ya karɓa zai ɗora mini a adaidaita sahu, ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya dube ni ya ce, “Yau tun a gida kasuwa ta ci?” Bai ƙara ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Washegari na zuba ruwa a gorunan don ta yi nauyi.

Da na ci gaba da haka ban san iya inda zan kai ba, amma matan suka yi shawara. Wata ta ji cewa Hajiyar gidanmu ta san manyan da ke can sama, wasu ma ita ta koyar da su aiki. Suka kewaye ni bayan an koma aji.

Iya ta ce, “'Yar nan, ke za ki je mana. Ki ce mata a sassauta, ko a zo a duba yadda muke yi, mai tsafta a bar ta.”

Na ce, “Iya, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni a bayan gida nake.”

“Bayan gida ko gaban gida, get ɗaya kuke shiga. Mu ko layin ba a bari mu tsaya.”

Na rasa yadda zan fahimtar da su. A wurinsu duk wanda ya kwana cikin katangar nan ya shafi mai. Ba zan iya cewa ina ɓoye wa Hajiya dokar ba ne don kada ta san safiyata ta zama babu aiki, ai sai su ce ƙoshi ne yake damuna. A cikinsu akwai mai lamurje da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita ido kawai ta zuba mini. In na ƙi zuwa, da wane ido zan sake zama a inuwar nan? In na je, na kai kaina. Gaba kura, baya siyaki. Na ce musu to.

Bayan la'asar na yi sallama a ƙofar falo. Hajiya tana kan kujera da carbi, na zauna a kan kafet na gaishe ta, na kwashe bayani kamar yadda aka aiko ni. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, “Dokar nan daidai ce. Da ina aiki ni zan fara sa hannu. Yaro ɗaya ya mutu, wa zai biya uwarsa?”

Na ce, “Haka ne, Hajiya.”

“Yaushe aka hana?”

Nan ne ya kamata in ce jiya. Bakina ya ce, “An ɗan kwana biyu.”

Ta ajiye carbin. “To ina kike zuwa kullum da kula?”

Na ce ina taya wata tsohuwa sayar da awara. Na zaci faɗa za ta yi, da ma faɗan ta yi. Sai na ga idonta ya yi laushi. Ta ce ashe haka nake shan rana a banza ina jin kunyar faɗa mata, ita da take ɗaukata kamar 'yarta. Ta ce daga yau na huta. Kuku ya tsufa, yana bukatar mai taya shi, baƙin Alhaji kuma kullum suna yaba zoɓona. In riƙa shigowa da safe, za ta riƙa ba ni wani abu duk wata, wanda ya fi abin da nake samu a rana da ƙura.

Na ce, “Hajiya, su matan fa?”

“Ki ce su yi haƙuri, su nemi abin da doka ta yarda. Ke dai Allah ya yanke miki wahala.”

Na tashi na fito. Da maigidana ya dawo, tun a mota Alhaji ya faɗa masa, ya shigo yana fara'a. Na ce masa ni ba na so. Na ce na fi son in zauna a rana kyauta da in shiga kicin ɗin nan a biya ni. Ya daɗe yana kallona, ba fushi yake ba, tsoro na gani a fuskarsa.

Ya ce, “To ki ce mata me? Kin ƙi alherinta, kuma kina kwana a ɗakinta?”

Na juya na kwanta. Da safe ya sa na saka hijabina mai kyau muka shiga tare yin godiya, kamar yadda ake yi in babba ya yi maka alheri. Ya durƙusa na durƙusa. Ya yi ta jero addu'a, Allah ya ƙara arziki, Allah ya raya zuri'a, ni kuma ina cewa amin. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan durƙuson ba, ga shi babu wanda ya zalunce ni balle in ce Allah ya isa.

Saƙon matan ban iya kai musu da ƙafata ba, don lokacin tara ina kan yanka albasa. Na yi ta cewa sai Juma'a, sai Litinin. Rannan ina goge kofuna Baba mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa tana nemana a waje. Iya ce, ta tako tun daga makaranta da farantinta a ka, tana tsaye nesa da get kamar mai tsoron ya ƙona ta. Na fita da tsumma a hannu na faɗa mata komai, cewa Hajiya ta ce doka daidai ce, cewa babu abin da za a yi.

Ta ce, “To ke fa? Shiru muka ji.”

Na ce an ɗauke ni aiki a cikin gida.

Na jira ta ce na sayar da su, na ma shirya karɓa. Sai fuskarta ta washe. Ta sauke farantin, ta kama hannuna da hannayenta biyu masu maiƙo, ta ce alhamdulillahi, ko ba komai tafiyar ta yi rana, ɗaya daga cikinmu ta tsira. Ta ce za ta faɗa wa sauran, za su yi mini murna, har mai lamurje.

“Allah ya sa mu a danshinki, 'yar nan. Ki riƙe da kyau, kada ki sake ki dawo cikinmu.”

Na buɗe baki in ce ta ɗan tsaya, ko mu zauna a bakin kwalbati ta ba ni labarin wa ya yi faɗa da wa. Daga ciki kuku ya kira ni, shinkafa ta tsotse. Iya ta ɗora farantinta, ta tura ni da hannu ta ce, “Maza koma, kada a ce kin fara wasa da aiki.”