Baba Kafinta Ya Ƙosar da Toka

Baba Kafinta mutum ne da bai taɓa ara wa kowa zartonsa ba. Tun yana yaron shago har ya buɗe nasa, har ya aurar da 'ya'ya, har matarsa ta rasu, abin da yake nasa nasa ne, kai ko kallonsa ka cika yi sai ya haɗe rai. Da idanu suka fara yi masa gardama, babban ɗansa ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin bakin ƙofa, da 'yar rumfar da yake gyara ƙafar kujera. A ƙarƙashin teburin rumfar nan ya raini Toka, kwikwiyon da ya tsinta a bakin kwata.

Toka ya zama ƙato. Ba shi da mugunta, sai dai kunnen ƙashi. In an sa masa igiya, shi ke jan Baba, tsoho na biye yana haki yana cewa wasa ne. Ranar da ya fizge ya ture 'yar maƙwabta har leɓenta ya fashe, ɗan Baba ya yanke magana.

"Baba, na ɗauko mai horar da karnuka. In Toka ya koyi tafiya da igiya, shi ke nan. In wata ya ƙare bai koya ba, gonar abokina zan kai shi."

Baba ya ja tsaki. Yaron da tun yana ƙarami bakinsa ya fi aikinsa?

Mai horon ya zo a kan babur, wani siriri da jakar gutsattsarin hanta a ƙugu. Baba ya raɗa masa Mai Jaka. Ba ya tsawa, ba ya duka. Zai ɗaga hanta saman hancin kare, ya ce "Zauna" sau ɗaya tak, gindin Toka na taɓa ƙasa ya ce "Yauwa!" ya miƙa masa. In karen ya ja igiya, sai ya ƙame kamar turke, ba zai ɗaga ƙafa ba sai igiyar ta yi sako-sako. Kan ka ce me, ga Toka yana tafiya daidai gwiwar baƙo, yana leƙen fuskarsa.

Wannan leƙen ne ya tsaya wa Baba a wuya. Wa ya ɗura wa karen nan madara da cokali? Wa ya cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya? Yanzu da an ji ƙarar babur, Toka ya bar shi da guduma a hannu ya ruga ƙofa. Rannan Baba ya kira shi, karen ya fara waiwayar Mai Jaka tukuna, kamar mai neman izini. Kishi ya turnuƙe tsoho har ya buge yatsansa.

"Baba, ku zo ku riƙe igiyar mana," in ji Mai Jaka. "Ai ku zai riƙa bi, ni na 'yan kwanaki ne."

"Ni za ka koya wa karena?"

"A yi haƙuri. Roƙona ɗaya, kar a ba shi abinci kafin in zo. Da 'yar yunwa yake mai da hankali."

Ashe! Baba ya sunkuyar da kai yana shafa katako.

Daga ranar, kafin babur ya iso, Toka ya ci ya yi nak. Ƙashi, romo, har naman da ke cikin kwanon Baba. Surukarsa ta leƙa tukunya ta ce, "Baba, naman gidan nan ƙafa ya yi ne?" Ya ce ta tambayi kyanwa. Mai Jaka zai ɗaga hanta, Toka ya shinshina, ya yi hamma, ya ja shi ƙiii zuwa rumfa ya kwanta a ƙafar maigidansa. Wayyo daɗi! Baba har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Ƙarshen wata ɗan ya tsaya a ƙofar gida ya ce a gwada ya gani. Mai Jaka ya ce zauna, Toka ya yi kamar da bango ake. Aka fita titi, ya hango akuya ya zabura, saura kaɗan ya kifar da mai horon, sannan ya fizge igiyar ya dawo wurin Baba yana kaɗa jela.

"Kun gani?" in ji Baba, ƙirji a buɗe. "Ni kaɗai ya sani."

Ɗan ya juya. Ya shiga ciki, ya fito da makullin mota, ya buɗe ƙofar baya ta motar.

Sai a lokacin Baba ya tuna da maganar gona. Ya wawuri igiyar, ya cusa hannu a jakar Mai Jaka ya damƙo hanta, ya ɗaga ta saman hancin karen yadda ya sha gani daga rumfa.

"Zauna! Toka, zauna! Ka iya fa, wallahi ya iya! Zauna ka nuna musu!"

Toka, cikinsa fam da abincin da Baba ya ba shi da safe, ya kawar da hanci daga hantar, ya lashi yatsun tsohon. Ɗan ya zare igiyar daga hannun ubansa a hankali.