Layi Uku da Na Ɓoye wa Ƙawata

Shekarun baya, wata Litinin da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ina zaune a ɗakinmu a Tudun Wada na ga saƙon a guruf ɗin ajinmu: "Wa ke da fayil ɗin Shugaba? A turo min." Shugaba ƙawata ce, wakiliyar ajinmu. Fayil ɗin kuwa nawa ne.

Muna aji uku a karatun kwamfuta. A tsarin da muke gina shafukan intanet da shi, duk lokacin da shafi zai ɗauko wani abu daga rumbun bayanai sai ka buɗe rumbun, ka nema, ka duba ko an samu, ka rufe. Na gaji da maimaitawa, sai na rubuta wasu ƙananan ayyuka a fayil guda, na sa musu suna 'yan aike. Ka ba ɗaya suna, ya je rumbu ya kawo maka bayanin mai sunan. Hutu guda na cinye a kansu, kowanne da bayaninsa a sama, ko waƙafi ban bari ya kauce ba.

Na ba ƙawata ne saboda tana haɗa shafin sakamakon jarrabawa na Islamiyyar da mahaifinta ke shugabanta a Tudun Jukun. Daga hannunta ya bazu. Malaminmu ya yabe shi a aji yana kallonta, ta buɗe baki za ta yi magana, ni kuwa na sunkuyar da kai na fice. Wasu sun zo wurina da tambaya, na ɗauka waɗanda ta gaji da su ne take turo min, sai in ce, "Ban san shi sosai ba, ku koma wurinta." In na dawo gida kuma in ƙirga godiyar da aka yi mata a guruf. Har a littafi na rubuta adadin, don ni ko hassada ba na yin ta babu tsari.

Ranar Laraba na gano kuskure. Idan mutum biyu suka yi suna ɗaya, ɗan aikena na farkon da ya tarar yake ɗaukowa, bai ce uffan ba. Layi uku suka gyara shi. Na gyara nawa, na rufe kwamfuta, ban gaya wa kowa ba. Na san ranar Asabar za a raba sakamako a Islamiyyar. A raina na ce tunda nata ne, ta gyara.

Ranar Juma'a ina taya mahaifiyata gyaran alayyafo, take ba ni labarin 'yar ƙanwarta da ke wannan Islamiyyar. "Yarinyar nan ko barcin rana ta daina saboda hadda. Ta ce bana sai ta kere takwarorinta."

"Takwarori?"

"Su uku ne a ajin, har sunan uba ɗaya. Ke kuma me ya same ki kike tsinke ganyen kina zubarwa a shara?"

Bayan an sauko masallaci na hau napep zuwa gidan su Shugaba. Na tarar da ƙawata a tsakar gida, ta riga ta buga takardun tana jera su aji-aji.

"A'a, Malama mai kulle ce da kanta? Yau za a yi ruwa."

Na ce ta ciro na yaran nan uku masu suna ɗaya. Maki iri ɗaya ne a duka, na wadda ta faɗi. Ta ɗago kai ta dube ni.

"Yaushe kika gani?"

Da na ce yau, da ta yarda. Na ce Laraba.

Ta ajiye takardun. Ta turo min kwamfutar, na saka layukan uku, muka bi ajujuwan ɗaya bayan ɗaya muna sake bugawa har la'asar sakaliya. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ita ce ta zo ta uku a ajinsu.

Har yau in na rubuta abin da zai ɗauko mutum daga rumbu, da lamba nake neman sa, ba da suna ba. Kuma har yau in aka yabi wani a gabana nakan ji wannan abin ya motsa, sai dai yanzu na san shi, nakan tuna kwana biyu na ajiye wahalar yarinya a gefe saboda godiyar guruf.

Da ta rako ni bakin titi na daure na tambaye ta abin da ya ci ni makonni. "Me ya sa ba ki taɓa cewa ni na rubuta ba?"

Ta tsaya, ta gyara mayafinta.

"Na faɗa a aji, kin fita. Na turo miki mutum bakwai, kowanne na ce masa ga mai shi can. Duk kika dawo min da su, kika ce ba ki san shi ba. To ni in ƙaryata ki a gaban mutane?"